Awa 24 na farkon jariri

Cikin jarirai goma da suka ɗauki ciwon hanta nau'in B wajen haihuwa, kusan tara da cutar za su girma, wasu ta kai su ga kansar hanta. Tun 2004 Najeriya ta sa riga-kafinta cikin alluran yara. Amma idan uwa na ɗauke da cutar, likitoci kan haɗa da allurar HBIG, wato garkuwar da aka tace daga jinin mutane, cikin awa 24 da haihuwa.

A Maiduguri kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, kuma sai a firij take zama. Muna roƙon Gwamnatin Borno ta gwada kowace mai ciki ranar awo, ta ajiye allurar kyauta a Asibitin Ƙwararru da Asibitin Umaru Shehu.