Ƙwaya Ba Ta Yaye Labule

Masu shan LSD a Amurka sun ishe mu da cewa ƙwayar tana yaye labule, mutum ya ga haƙiƙanin duniya. Tun 1943 da Albert Hofmann ya ɗanɗana ta a Basel ake rera wannan waƙa.

Ni manhaja nake rubutawa. In na taɓa lissafin da ke zana allon waya launuka suka narke, wayar ce ta rikice, ba wata duniya ta buɗe ba. Haka ƙwayar ke dagula aikin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. Har yaƙinin da mashayin ke rantsuwa da shi, ƙwaƙwalwar da ta rikice ce ta ƙera shi.

A nan, matashi ya sha zaƙami yana hira da bango, ɗaure shi muke yi. Wa ya taɓa kiran sa malami?