Kuɗin Ruwa Ya Fara Janyewa, Mata Mu Buɗe Ido

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Wurno, Rabah da Goronyo, ina gaishe ku da aiki. Saƙon yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshensa, wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba.

Maganar ruwa ce da masai, da kuɗin da aka yin aikinsu da shi. Kun san dam ɗin Goronyo, tun 1984 anka gama gina shi bisa gulbin Rima, kuma yana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Birnin Sakkwato na sha daga gare shi, manoman rani na ban ruwa da shi. Amma ga mace nan a ƙauyen da ke hangen dam ɗin, tana jan guga a buɗaɗɗiyar rijiya, ko ta tura ɗiyarta gulbi da jarka lokacin da ya kamata a ce tana aji. A watan Satumba na 2010 da ambaliya ta ci garuruwanmu, ruwa ya kai ko'ina, na sha ne ya gagara, don ya shiga rijiyoyi da duk ƙazantar da ya kwaso.

Shekara da shekaru, wani kaso babba na burtsatse, famfon tuƙa-tuƙa da masan makarantu da kuke gani a ƙauyuka, da hannun ƙungiyoyin agaji a ciki, irin su UNICEF da ke aiki tare da hukumar RUWASSA ta jiha. Su kuma kuɗinsu daga gwamnatocin ƙasashen waje yake fitowa, da masu ba da taimako. To wannan ƙofa ta fara rufewa. A Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, kafin ƙarshen Yulin shekarar an rufe hukumar USAID. Ingila ma a Fabrairun 2025 ta ce za ta rage nata, daga kwabo 50 zuwa kwabo 30 cikin kowace naira 100 ta arzikin ƙasarta, nan da 2027. Wata za ta ce mi ya haɗa ni da Amurka? Ranar da famfon unguwarku ya tsaya babu mai zuwa gyara, kin ga abin da ya haɗa ku.

Kada mu manta da 2021. Amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, sama da 3,000 sunka rasu, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Cutar nan ta ruwa da abincin da bahaya ya taɓa take shiga, kuma tana iya kayar da babban mutum cikin yini ɗaya. Wa ke kwana bisa tabarmar asibiti da mai jinya? Mu ne.

Na san abin da wasunku za su ce, don ana faɗa mini a wurin biki da suna: ai ƙungiyoyin nan motoci kawai suke saye, su yi taro a otal, su ci kuɗin. Akwai gaskiya a ciki, duk mun ga burtsatsen da anka ƙaddamar da kiɗa, kafin damina biyu ya zama wurin ɗaure awaki. Amma ku tambayi dalilin mutuwarsa. Sau da yawa abu ne ƙarami, roba ta cinye, ko bututu ya fashe, ko an kwance faifan sola da dare. An kawo kuɗin haƙawa, ba a tanadi na gyara ba, ba a kuma damƙa shi hannun kowa ba. Ni a ganina gyaran wanga shi ne a ci gaba da ba ƙungiyoyin kuɗi amma da sharaɗi: a kafa allo a rubuta nawa anka kashe, a koya ma matasan garin gyara, a dawo bayan shekara a duba ko ruwa na zuba. In anka ce a janye hannu gaba ɗaya, ma'aikacin ƙungiya zai sami wani aiki, matar ƙauye ce za ta koma gulbi.

Sai gwamnatocinmu. Yawancin ayyukan nan haɗin gwiwa ne, ƙungiya ta kawo nata, jiha ta zuba nata kason. In kason jiha ya makara, aikin ya tsaya, ko a kai shi wata jihar da ta shirya. Tun Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta, a 2019 ta ce nan da 2025 za a daina bahaya a fili. Jigawa ta cika nata tun Oktoban 2022, ita ce jiha ta farko. Jigawa fa, ba Dubai ba. Sannan a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi su tafi hannunsu kai tsaye. Don haka kansila da ciyaman, ko na wace jam'iyya ne, har namu, ku tambaye su cikin ladabi: nawa kunka ware ma gyaran famfo bana?

Maganar masai ita mata ba su son tayarwa gaban maza, kunya ta hana. To ni zan tayar. Macen da gidansu babu masai sai ta daure har duhu ya yi ta fita bayan gari, a wanga hali na rashin tsaro da muke ciki. 'Yan'uwanmu da sunka gudo Gandi tun harin Tabanni na 2018, da waɗanda ke zaune a makarantu da gidajen dangi, ruwan da ke isar gida ɗaya yanzu gida uku ke rabawa. Budurwa kuma in tana al'ada, makarantar da babu masai da ruwa ba ta zuwa, haka nan za ta rasa kwanaki kowane wata har karatun ya fita ranta.

Alhazanmu da hajiyoyinmu masu neman sadaka mai gudana, Allah ya saka. Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ma jama'a. Roƙona, kafin ku haƙa sabo ku sa suna, ku duba matattun da ke garin. Kuɗin sabo guda zai iya tada tsofaffi da dama.

Mu kuma namu aikin ga shi. A wurare da dama da anka yi famfo akwai kwamitin kula da shi da ake ce ma WASHCOM. Mata su shiga, kuma a nemi mace ta riƙe asusun, tunda adashi ba baƙonmu ba ne. Ko naira 100 kowane gida ke zubawa a wata, ranar da roba ta cinye ba sai an jira Sakkwato ba.

Shugabannin mata na mazaɓu, daga Achida zuwa Rara, Gandi da Shinaka, kowace ta ƙirga mini famfunan mazaɓarta, nawa ke aiki, nawa sunka mutu, tun yaushe, da makarantun da ba su da masan 'yanmata. Ku turo a rubuce ko da murya, da hoto in waya ta yarda, kafin Juma'a mai zuwa. Da wannan takarda za mu shiga ofis-ofis.

Wassalam.
Taku, Shugabar Mata