Wane jirgin ne zai kai ku Jos?

1/ Duk Disamba sai an tayar da gardamar nan: mota ko jirgin ƙasa zuwa Jos cin kasuwar Kirsimeti? Jama'a, wane jirgin?

2/ Layin dogo daga Kaduna zuwa Kafanchan har Jos yana nan tun 1927. Yau ciyawa ce fasinjarsa.

3/ Masu cewa "hau na Abuja mana", kun san hanya kuwa? Daga Television ka tsallaka kogi, ka sha cunkoso har Rigasa, ka sauka Kubwa ko Idu, sannan ka nemi motar Keffi da Akwanga. Kuɗin mota biyu, ga tikiti, ga wuni ya tafi. Haba!

4/ Ga garejin Television a ƙofar gida. Hau motar asuba ta Kachia, kafin la'asar kana Terminus da rigar sanyinka kana taya dankalin Turawa.

5/ Hanyar ba lafiya ba, kowa ya sani: hazo, ramuka, 'yan bindiga. Kada ka yarda dare ya same ka. Abin da ke ƙona min rai ke nan, tilas ce muke kira zaɓi.

6/ Mai neman ƙuri'a in ya shigo unguwarku, ku tambaye shi jirgin Kafanchan.