AJIYAR DA BA AMANA BA

A al'adar ƙasar Hausa, wanda aka ba ajiya ya ɗauki nauyi biyu: ba zai taɓa kayan ba sai da yardar mai su, kuma zai mayar da su yadda aka ba shi a ranar da aka nema. A yau ɗalibai da ma'aikata da marubuta da mawaƙa da masu shirya fina-finai suna zuba ayyukansu a rumbunan ajiya na intanet, irin su Google Drive da Dropbox da OneDrive, bisa zaton cewa wannan tsohuwar ƙa'ida ce ke aiki a can. Abin da ke aiki a can shi ne doguwar takardar sharuɗɗa wadda mutum ke amincewa da ita da latsawa ɗaya, galibi ba tare da ya karanta ko layi guda ba.

Yana da kyau a tuna abin da ya faru a watan Afrilu na 2012, lokacin da kamfanin Google ya buɗe rumbunsa na Drive. Sharuɗɗan kamfanin na wancan lokaci sun bayyana cewa abin da mutum ya ajiye nasa ne. Amma a wannan sashe ɗin dai sun ba kamfanin izini, a ko'ina cikin duniya, ya kwafi aikin, ya sauya shi, ya fitar da wani abu daga cikinsa, ya buga shi, ya kuma rarraba shi, domin gudanar da harkokinsa da tallata su da kyautata su da ƙirƙiro sababbi. Idan kuwa rigima ta taso, kotunan Jihar Kalifoniya ta Amurka ne za su saurare ta. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan lamarin, kamar yadda aka yi wa Dropbox a 2011, kuma kamfanonin biyu sun sake rubuta sharuɗɗansu daga baya.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk izinin nan ne mugun nufi ba. Kamfani ba zai iya adana fayil ba sai ya kwafe shi a kan na'urori da yawa, ba zai kuma iya nuna hoto a wayar hannu ba sai ya rage masa girma. Doka na kallon waɗannan a matsayin kwafi, saboda haka dole a nemi izininsu. Inda gizo ke saƙa shi ne faɗin kalmomin da aka rubuta izinin da su, da kuma ikon da kamfani ya riƙe na sauya sharuɗɗan a duk lokacin da ya ga dama.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira, wato na'urorin da ake koya wa rubutu da zane ta hanyar ciyar da su ayyukan mutane, ya ƙara wa batun nauyi. A watan Yuni na 2024 masu zane da masu ɗaukar hoto sun yi ca a kan kamfanin Adobe saboda wasu sababbin sharuɗɗa da suka shafi duba abin da suka ajiye, har sai da kamfanin ya fito ya rubuta ƙarara cewa ba zai koyar da na'urarsa mai ƙirƙirar hotuna da ayyukansu ba. A watan Yuli na 2025 kamfanin WeTransfer na ƙasar Holan ya cire wani sashe da ya ambaci koyar da na'ura, bayan irin wannan kuka. A duka biyun, abin da ya jawo gyara shi ne wasu sun zauna sun karanta, suka kuma ɗaga murya.

Nauyi na biyu na mai ajiya, wato mayar da kaya, shi ma ba a ɗauke shi ba. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa ya ɓatar da waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 yayin sauya na'urori, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. A watan Janairu na 2012 hukumomin Amurka sun rufe Megaupload bisa zargin satar fasaha, kuma masu halaliyar kayansu a ciki suka rasa hanyar kai wa gare su. Google kuma ya sanar a 2023 cewa yana iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Sharuɗɗan irin waɗannan kamfanoni kan taƙaita diyyar da za a iya nema idan an yi hasara, balle ga wanda bai biya ko kwabo ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Dokar Nijeriya ba ta bar mai aiki hannu rabbana ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba marubuci haƙƙin aikinsa tun daga lokacin da ya rubuta shi, ba sai ya yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan har shekaru 70 bayan rasuwarsa. Ta kuma ce sayar da haƙƙin ɗungurungum ba ya inganta sai a rubuce. To amma izinin amfani wanda bai hana mai aiki ba wa wasu irinsa ba, yana iya ƙulluwa a rubuce, ko da baki, ko ta abin da mutum ya aikata. Irin wannan izini ne kamfanonin ke karɓa. Ke nan marubuciyar da ta ajiye littafin da ba ta buga ba tana nan da mallakarta, sai dai ta riga ta ba da izinin da ba ta san iyakarsa ba.

Saboda haka wajibi ne duk mai ajiye aiki ya nemi amsar tambayoyi uku a cikin sharuɗɗan kafin ya amince: me aka halatta wa kamfani ya yi da aikin, shin izinin yana ƙarewa idan an goge fayil, kuma wa ke da alhaki idan ya ɓace. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri ya riƙe kwafi aƙalla biyu a wurare daban, ɗaya a hannunsa. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya sani cewa takardun ofis ba nasa ba ne, don haka ba shi da hurumin ba wani kamfani izini a kansu ta hanyar zuba su a asusunsa na kansa. Ya kamata manyan sakatarori su fitar da umarni a rubuce a kan wannan, su kuma tanadi ma'ajiyar hukuma.

Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ita ma tana da aiki a gabanta. Sharuɗɗan nan ko mai digiri yana shan wuya kafin ya gane su. Ya dace hukumar, tare da jami'o'i da ƙungiyoyin marubuta, ta fitar da gajeren bayani da Hausa da sauran harsunan ƙasa game da abin da manyan kamfanonin ke nema, ta kuma riƙa sabunta shi duk lokacin da suka sauya. Kafin a yi hakan, mai aiki shi ne mai gadin aikinsa.