Idan Likita Ya Yi Kuskure, Wa Zai Ɗauki Asara?



Ya ɗan'uwa mai karatu, an daɗe ana jayayya a Amurka a kan diyyar wanda likita ya cutar ta hanyar sakaci. Likitoci da kamfanonin inshora suna cewa yawan ƙararraki ne ya sa jinya ta yi tsada, domin tsoron kotu yana sa likita ya yi ta gwaje-gwajen da ba a buƙata. Da wannan hujja jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1975 cewa diyyar raɗaɗi da ƙuncin rai ba za ta wuce dala 250,000 ba. Jihar Texas ta bi sahunta a 2003.

To, shin jinya ta yi sauƙi? A 2009 ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa ko da an yi irin waɗannan gyare-gyare a ƙasar baki ɗaya, abin da zai ragu daga kuɗin kiwon lafiya bai wuce kimanin rabin kashi 1 cikin 100 ba. Amma dubi wanda nauyin ya faɗa wa: yaro, da tsoho, da matar gida. Ba su da albashin da za a lissafa musu asararsa, don haka lauyoyi kan guje wa shari'arsu. Sai a 2022 Kalifoniya ta ɗaga wannan adadi, bayan hauhawar farashi ya cinye darajarsa.

A nan nake ganin hikimar malamanmu na fiƙihu. Ibnul Ƙayyim, Allah Ya yi masa rahama, ya rarrabe likitoci a cikin Zadul Ma'ad. Ƙwararren da aka ba izini, ya yi aikinsa bisa ƙa'ida, babu lamuni a kansa ko da an rasa rai. Jahilin da ya yaudari mutane da sunan likita, shi zai biya. Ƙwararren da hannunsa ya kuskure kuwa, akwai diyya, amma idan ta yi yawa danginsa na wajen uba ne suke ɗauka. Ka ga ba a tauye haƙƙin majiyyaci ba, ba a kuma karya likita ba.

Ra'ayina shi ne, gyara na gaskiya yana farawa daga faɗin gaskiya. Tun 2001 asibitocin Jami'ar Michigan suka fara bayyana wa majiyyaci kuskurensu, su nemi afuwa, su biya shi da wuri. Ƙararraki suka ragu, kuɗin shari'a ma ya ragu.

Ya kai ɗalibin likitanci, wata rana hannunka zai iya kuskurewa. A ranar, kada ka ɓuya a bayan kalmar ƙaddara. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa kowa haƙƙin da ke wuyansa ba.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.