Nasiha Ga Masu Taimakon Makarantun Ƙauye

Wannan magana ce zuwa ga attajiran kasuwar Sabon Gari da ma'abota albashi na Samaru, waɗanda Allah Ya sanya wa son taimakon makarantun ƙauye.

Ku sani, ya 'yan'uwa, waɗansu sun riga ku wannan niyya, har daga ƙetaren teku. A shekara ta 1961 shugaban Amurka Kennedy ya kafa jama'ar samari da 'yan mata masu aikin sa kai, ana ce da ita Peace Corps, suka shigo Nijeriya cikin wannan shekara, suka shiga Nijar a 1962. Yaro ya ƙare karatu a ƙasarsu, ya bar gidan ubansa, ya zauna ƙauye a ƙasar Maradi ko Damagaram, ya koyi Hausa har ya iya ciniki da ita, 'yan'uwansa kuwa suna aiko da gudummawar littattafai da kuɗi. Wanda ya raina wannan bai yi adalci ba. Amma wa'adin kowanensu shekara 2 ne, da yara sun fara sabawa da shi sai ya ɗaura kaya. Sa'an nan a watan Janairu na 2011, bayan an sace Faransawa 2 a Yamai, aka kwashe su duka daga Nijar. Hakanan masu yi wa ƙasa hidima da Janar Gowon ya kafa a 1973, shekara guda suke yi, su wuce.

Mu kuwa cutarmu son gini ce, domin gini ana ganinsa daga hanya, ana rubuta sunan mai bayarwa a jikinsa. A 2012 gwamnatin Jonathan ta buɗe makarantar almajirai a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a ƙasar nan, da yawansu suka zama kufai don ba a tanadi abin riƙe malamai da ciyar da yara ba. In hukuma da dukiyarta ta gamu da wannan, ina ga mai rumfa guda a kasuwa?

To, ku dubi abin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi. Ta zaɓi dattijan mata daga ƙauyuka, ana kiran kowacce jaji, ta sa mata malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci matan garinsu zuwa wurin Nana, suna ɗauke da sadakar hatsi da zuma da man shanu, su ɗauki karatu, su koma su karantar da waɗanda suka bari a gida. Su ne 'Yan Taru. Nana ta rasu a 1864, aikin bai mutu ba, ƙanwarta Maryamu ta riƙe shi a Wurno, domin jaji 'yar gari ce, a nan gidanta yake, a nan za a binne ta.

Saboda haka wanda ke nufin alheri ga Bomo ko Basawa ko Shika, ya fara da lissafin malami kafin lissafin bulo da kwano. Ku haɗa kai mutum 10 ko 20, ku nemi ɗan garin mai hankali, ku biya masa karatun koyarwa a nan Zariya, ku yanka masa abin da zai karɓa kowane wata, a rubuta shi gaban mai gari da liman, kada ya zama sai azumi ya zo ake tunawa da shi. Malaman jami'a da ɗalibanta masu son zuwa ranar Asabar, madalla, su je su taimake shi, amma makaranta tana hannunsa.

Wani zai ce, ai malami don Allah yake yi. Haka ne, amma iyayenmu da suka fi mu tsoron Allah sun ajiye kuɗin Laraba, kuma almajirai suna nome wa malam gonarsa. Malamin da babu hatsi a gidansa, da safe za ku gan shi a bakin titin Samaru bisa babur yana neman fasinja, yara kuwa suna zaune a aji suna jiransa.