Sunan Yanki Ba Wasa Ba Ne Ga Ɗan Kasuwa

Jama'a, duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai kaya Libarbil, babban birnin Gabon, ya san cewa a kasuwar Mont-Bouët Bakano da Bamaraɗe sunansu ɗaya, wato mutanen Afirka ta Yamma. Wannan suna kuwa kuɗi yake ci. Gabon tana Afirka ta Tsakiya, ba ta cikin ECOWAS, don haka yarjejeniyar 1979 da ta ba mu damar zaman kwana 90 ba biza ba ta aiki a can. Hatta sefar Yamai ba ita ce sefar Libarbil ba, ko da yake darajarsu ɗaya.

Mutanen tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun riga mu ganin haka. Da ta wargaje a 1991 zuwa ƙasashe 15, Istoniya da Latbiya da Lituweniya suka ƙi a riƙa kiransu da sunanta, suka shige Tarayyar Turai a 2004. A can Asiya ta Tsakiya kuwa, garin Kara-Suu mai babbar kasuwa ya wayi gari da iyakar ƙasa tsakaninsa da ɗan'uwansa na tsallaken ruwa, ɗaya a Kirgistan, ɗaya a Uzbekistan.

To, ga shi ya iso gida. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, Jibiya da Illela da Maigatari suka ji jiki har zuwa Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, suka rungumi sunan ƙasashen Sahel, sannan a Maris suka sanya harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje.

A ra'ayina, shugabanni suna da ikon zaɓar wa ƙasashensu suna, amma kada mu bari sunan ya shiga tsakanin Katsina da Maraɗi, waɗanda aure da fatauci suka haɗa tun kafin zuwan Turawa. Sai dai idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Kowa ya sabunta fasfonsa, ya tambayi kuɗin fito kafin ya yi lodi. Shugabannin kasuwanni na ɓangarorin biyu kuma su haɗa baki su nemi a riƙa jin ta bakinsu kafin a sake rufe wata iyaka. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.